Babi na Huɗu: Tsaunin Katako a Bakin Teku

Kullum da sassafe, tun masu sayar da abinci ba su kunna wuta ba, akwai mutanen da aikinsu shi ne su hau wani tsauni na katako da ƙafa. Guduma a hannu, jakar ƙusoshi a kugu. Suna bin layin dogo taki-taki, su hau inda ya hau, su gangara inda ya gangara, idonsu a ƙasa. Inda ƙusa ta ɗago kai sai su mayar da ita. Inda noti ya saki sai su ɗaure. Inda katako ya yi wata irin murya da ba su yarda da ita ba in an ƙwanƙwasa shi, sai su yi masa alama. Teku na gefensu tana ta aikinta, iska na kwaso gishiri tana shafa wa duk abin da ta tarar. Sai sun zagaye layin kaf, sannan a saki jirgi ba kowa a ciki don gwaji, sannan a buɗe wa jama'a ƙofa.

Abin da suke dubawa shi ne jirgin hawa-da-gangara, wanda Turawan Ingila da Amurka ke kira rola kosta. 'Yan taragu ne marasa rufi, ba su da inji. Sarƙa ce ke jan su zuwa ƙololuwar tudu na farko, daga nan a sake su, nauyinsu ya ci gaba da tuƙa su: su faɗa kwari, ƙarfin faɗuwar ya haye da su tudu na biyu, wanda dole ya gaza na farko tsawo, haka dai har su dawo inda suka tashi cikin minti biyu ko uku. Mutane na biyan kuɗi don su shiga su tsorata, su yi ihu, su sauko suna dariya. Yawancin na zamani da ƙarfe ake yin su. Amma akwai tsofaffi na katako da suka rage, kuma da yawa daga cikin mafi daraja a bakin teku suke, wato a wurin da ya fi ko'ina cin katako da ƙusa.

Asalin wasan daga ƙasar sanyi yake. Tun ƙarni na 17 mutanen Rasha ke gina tudu na katako a lokacin hunturu, su kwarara masa ruwa ya daskare, su riƙa sulalowa a kai. Faransawa suka so abin, amma ƙanƙararsu ba ta daɗewa, sai suka sa wa kujerun tayoyi. Zuwa 1817 akwai irin wannan a Paris, kuma har yau “tsaunukan Rasha” suke ce masa da harshensu. A Amurka kuwa daga wajen haƙar kwal ya ɓullo. A 1827 an shimfiɗa wani layin dogo a Mauch Chunk da ke jihar Pennsylvania, mai tsawon kimanin kilomita 14, don gangaro da kwal daga kan dutse zuwa bakin kogi. Taragun na saukowa da nauyinsu, alfadarai na jan su su mayar sama in an juye. Da aka samu wata hanyar fitar da kwal ɗin a shekarun 1870, sai layin ya koma na ɗaukar masu yawon buɗe ido, waɗanda suka gano cewa saukowar kanta abin biya ce.

Mutumin da ya kai wasan bakin teku shi ne LaMarcus Thompson. A watan Yunin 1884 ya buɗe nasa a Coney Island, bakin ruwan birnin New York. In aka gwada da na yau abin tausayi ne: tsawon layinsa kimanin mita 180, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato gudun mai keke da ba ya sauri. Mutum ya hau matakala zuwa saman hasumiya, ya zauna a benci, a tura shi ya gangara zuwa ɗaya hasumiyar, ma'aikata su juya taragon zuwa layin dawowa. Senti 5 ake biya. Jama'a suka yi masa caa, kuma ba da daɗewa ba wasu suka gina nasu a kusa, har da mai injin jan tarago zuwa sama.

Me ya sa bakin teku? Domin can talakan birni ke zuwa ya sha iska. Jirgin ƙasa ne ya buɗe hanyar. A arewacin Ingila, garuruwan masaƙu na yankin Lancashire suna da al'adar rufe masaƙun gari gaba ɗaya na mako guda a shekara, a gyara injuna, ma'aikata kuma su kwashi iyali su shiga jirgi sai Blackpool. Wannan gari ya huta wannan makon, wancan ya huta mako mai zuwa, haka har bazararsu ta ƙare. A New York, da jirgin ƙarƙashin ƙasa ya isa Coney Island a 1920, senti 5 ke kai mutum daga cunkoson unguwarsa zuwa bakin ruwa, kuma a ranar Lahadi mai zafi akan samu mutum wajen miliyan guda a wurin. Wanda ya kwashe kwana shida yana tsaye gaban inji, an hana shi ko ɗaga murya, shi ne ya fi kowa sanin daɗin minti biyu na ihu. Wannan nake so mai karatu ya riƙe: waɗannan gine-gine ba sarakuna suka gina su don a tuna da su ba. Na masu saƙa ne da 'yan dako da 'yan ci-rani, kuma saboda haka ne aka daɗe ba a ɗauke su abin adanawa ba.

Ginin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, don akwai hikimar kafinta a ciki.

Da farko akan zuba tubalan kankare a ƙasa, ko a kafa turaku masu zurfi in wurin yashi ne. A kansu ake tsayar da ginshiƙai biyu-biyu ko fiye, a haɗa su da katakan kwance da na gicciye, su zama kamar firam ɗin ƙofa mai tsawo. Irin wannan firam ake jerawa ɗaruruwa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsawonsa, a ɗaure su da juna. Bambancin tsawonsu shi ke fitar da tudu da kwari. A saman kowane firam akwai wani katako mai kauri da aka gicciya, shi ke ɗaukar layin. In an zo kwana sai a karkata shi, gefe guda ya fi ɗaya tsawo, don jirgi ya kwanta cikin kwanar maimakon ya nemi ficewa. Itacen da aka fi amfani da shi dangin fir ne da fain na Arewacin Amurka, masu tsawo, miƙaƙƙu, masu jure lanƙwasa.

Layin shi ne zuciyar aikin. Ba a samun gungume guda da zai lanƙwashe yadda ake so, saboda haka sai a yi shi hawa-hawa. A kawo falle na katako mara kauri sosai, a lanƙwasa shi a inda zai zauna, a buga masa ƙusa. A ɗora wani a kansa, a tabbatar mahaɗarsu ba ta faɗo wuri ɗaya ba, a buga. Haka har hawa bakwai ko takwas. Kowane falle shi kaɗai mai rauni ne, amma da suka haɗu sai su zama dogo guda mai ƙarfi wanda ya riga ya ɗauki siffar kwanar. Hawa biyun ƙarshe na sama akan yi su da faɗi, su ɗan zarce na ƙasa ta ciki, su yi leɓe. Sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda tayoyi za su taka. Wannan layin ne ke sa a kira jirgi na katako. Shahararren Cyclone na Coney Island, alal misali, yawancin ginshiƙansa ƙarfe ne, amma tunda layinsa katako ne, cikin na katako ake lissafa shi.

Leɓen nan da na ambata shi ya raba tarihin gida biyu. Kafin a ƙirƙiro shi, tarago zaune kawai yake a kan layi, nauyinsa ke riƙe da shi. In ya haye tudu da gudu fiye da kima, ba abin da zai hana shi tashi sama. Don haka ake sa mutum a cikin jirgin, mai birki, yana riƙe da wani dogon hannu na ƙarfe, yana rage gudu a inda ya kamata. A 1919 wani injiniya Ba'amurke, John Miller, ya yi rajistar wata dabara: a ƙara wa tarago tayoyi a ƙarƙashin leɓen. Sai tayoyi suka zama kashi uku, na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana kaucewa, na ƙasa masu hana tashi. Jirgi ya kama layi kamar yadda hannu ke kama sanda. Daga nan magina suka samu sakewa. Aka fara gangara mai tsananin tsayi, da kwana mai kaifi, da ƙananan tudu waɗanda in jirgi ya haye su da gudu mutum kan ji ya rabu da kujerarsa na ɗan lokaci, cikinsa ya yi sama. Ƙarar nan kuma ta ƙwas-ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin da sarƙa ke jan jirgi, wadda ke tsinka zuciyar mai hawan farko, ita ce alamar lafiya: wani harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago ke faɗawa cikin haƙora ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ko sarƙa ta tsinke jirgin ba zai koma baya ba.

Shekaru goma da suka biyo bayan dabarar Miller su ne lokacin da kasuwar ta fi ci. A Amurka kaɗai an samu sama da jirage 1,500 na katako. A Blackpool an buɗe Big Dipper a 1923, da zanen Miller ɗin kansa. A Santa Cruz ta jihar Kalifoniya, Arthur Looff ya gina Giant Dipper a 1924 cikin kwana 47 kacal, a kan dala 50,000. Ƙusoshin da aka buga masa sun kai 743,000, banda noti 24,000. A tsaya a yi tunanin wannan: kwana arba'in da bakwai, da guduma da zarto, aka tayar da abu mai tsawon mita 21 da layi mai kimanin mita 800, wanda jirgi ke gudun kilomita 88 a awa a kansa. Senti 15 ake biya a lokacin. Girgizar ƙasar 1989, wadda ta rushe gine-gine da yawa a tsakiyar garin Santa Cruz, ta bar shi tsaye. Mutum sama da miliyan 60 sun hau shi. Cyclone kuwa an buɗe shi ranar 26 ga Yunin 1927, tsawonsa mita 26, gangararsa ta farko ta kusa kai digiri 60. Sai Grand National na Blackpool a 1935, wanda aka raɗa wa sunan shahararriyar sukuwar dawakin Ingila. Jirage biyu ke tashi tare suna tsere kafaɗa da kafaɗa, amma a gaskiya layi ɗaya ne aka naɗe shi sau biyu, shi ya sa jirgin da ya tashi ta dama yake dawowa ta hagu, abin da ke ɗaure wa yara kai har gobe.

Wanda ya tsaya ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu lokacin da jirgi ke wucewa zai ga ginin na motsi. Ginshiƙai na rangaji, katakai na kuka. Ba lalacewa ba ce. Haka aka so. Katako na karɓar duka ya lanƙwasa ya dawo, ya raba nauyin ga maƙwabtansa. Kuma yana jin yanayi: yana kumbura da damshi, yana tsukewa da rani, jirgi kan fi gudu da yamma in man tayoyi ya yi ɗumi, ko bayan an yi yayyafi. Masu son abin sukan ce ba a hawa biyu iri ɗaya. Jirgin ƙarfe, wanda aka fara yin layinsa da bututu a Disneyland a 1959, ya fi santsi, ya fi tsawo, yana iya kifa mutum ƙasa ya tayar. Amma abin da ya yi jiya shi zai yi yau.

Wannan rai da katako ke da shi, shi ne kuma ajalinsa. Damshin teku na shiga mahaɗa ya ruɓar da ita daga ciki. Gishiri na cin ƙusa har ta zama siririya kamar tsinke alhali kanta na nan lafiya a waje. Ga guguwa. Ga wuta, wadda ita ce babbar abokiyar gaba: busasshen katako mai fenti da maiko, a tsaye, iska na ratsa shi ta ko'ina, ba abin da ya fi shi kama da itacen girki da aka jera. Sai dai abin da ya fi wuta da ruwa kashe su kuɗi ne. Karayar tattalin arzikin 1929 ta rufe wuraren wasa da yawa, yaƙin duniya na biyu ya hana katako da ma'aikata. Bayan yaƙi mota da talabijin suka canza yadda Amurkawa ke hutawa, jirgin sama mai araha kuma ya kwashe Turawan Ingila zuwa bakin tekun Sifen. Filin bakin ruwa ya yi tsada, masu gina gidaje suka sa masa ido. Thunderbolt na Coney Island, wanda aka gina a 1925, ya daina aiki a farkon shekarun 1980, ya tsaya ciyawa na cin sa har aka rushe shi a shekarar 2000. Cyclone na garin Southport a Ingila an sare shi a 2006 mutanen gari na kallo suna roƙo. Shi kansa Cyclone na New York saura ƙiris a rushe shi a shekarun 1970 don a faɗaɗa gidan kifaye da ke maƙwabtaka da shi. Jama'a suka tashi, aka fasa, kuma a 1988 birnin ya sa shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Margate, wani gari a gabar kudu maso gabashin Ingila inda mutanen Landan ke zuwa hutu. A 1920 aka buɗe Scenic Railway a filin wasa na Dreamland, irin na dā mai ɗauke da mai birki, kuma shi ne mafi tsufa a Birtaniya. Ya ƙone a 1949, aka gyara. Ya sake ƙonewa a 1957, aka gyara. A 2002 ya zama abin wasa na farko da gwamnatin ƙasar ta sa cikin jerin gine-ginen tarihi, daidai lokacin da ake shirin mayar da filin wani abu daban. A watan Afrilun 2008 wani ya cinna masa wuta da gangan; kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ginin ya tafi, tare da tsofaffin taragunsa. Mutanen da suka kafa ƙungiyar ceto Dreamland ba su saki ba. Ƙaramar hukumar yankin ta karɓe filin da ƙarfin doka, aka sake gina jirgin bisa tsohuwar siffarsa, ya koma ɗaukar mutane a watan Oktoban 2015.

A nan ne masu gardama ke tsayawa. In an canza katakon kusan gaba ɗaya, an ƙera sababbin taragu, to me ya rage na 1920? Ba sabon abu ne aka sa wa tsohon suna ba? Tambayar ba ta tsaya kan Margate ba, domin duk jirgin katako da ke aiki ana canza masa wani sashe kowace shekara in an rufe don hunturu, kuma bayan shekaru tamanin ko ɗari da wuya a samu falle da yawa na ranar farko. Ni dai ban ga abin ruɗani a ciki ba, kuma ina jin duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai gani ba. Katangar da kakanka ya gina, kowace shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an yi mata yaɓe. Ƙasar da ke jikinta yau ba ita ce ta zamaninsa ba, amma ba wanda zai ce ba katangarsa ba ce. Ranar da aka daina yaɓen ne take fara zama kufai. Haka jirgin katako yake. Abin da ake gada shi ne siffar tudu da kwarin da mai zane ya fitar, da yadda jiki ke ji in ya bi ta kansu, da kuma sanin da ke hannun kafintan da ya iya lanƙwasa falle takwas su zama dogo guda. Wannan sanin ba a cika samun sa a takarda ba. Yaro ke koyonsa a bayan babba, a kan tsani, cikin sanyi. Shi ya sa nake ganin sa gini cikin jerin kayan tarihi rabin aiki ne. Doka na iya hana a rushe shi. Ba ta iya biyan kafinta, kuma jirgin da aka daina hawa ba ya daɗewa.

Masu birkin ma haka. Kaɗan ne suka rage a duniya. A Luna Park da ke unguwar St Kilda, bakin ruwan birnin Melbourne na Ostireliya, akwai Great Scenic Railway da aka buɗe a watan Disambar 1912, wanda ake ɗauka shi ne mafi daɗewa yana aiki ba tare da an yi watsi da shi ba. Mai birkinsa a tsaye yake a tsakiyar jirgi, fasinjoji na zaune gaba da baya. A Great Yarmouth, gabashin Ingila, akwai wani wanda tarihinsa ya ratsa ta kusa da mu. Wani Bajamushe daga Hamburg, Erich Heidrich, shi ya zana shi, kuma ya yi aiki a babban baje kolin mulkin mallaka da Faransa ta shirya a Paris a 1931, wurin da aka gina kwaikwayon gine-ginen ƙasa na Afirka ta Yamma don Turawa su zo kallon ƙasashen da suka mallaka. Da aka tashi daga bajen aka kwance shi, aka tsallaka da shi teku, aka sake haɗa shi a bakin yashin Great Yarmouth, ya buɗe a 1932. An lulluɓe jikinsa da allunan da aka yi wa fenti don ya yi kama da tsauni.

A kan layinsa babu birki ko ɗaya. Duk abin da zai tsayar da jirgin yana hannun mutum guda da ke zaune a tsakanin taragu. Shi zai duba yawan mutanen da suka shiga ya ƙiyasta nauyinsu. Shi zai lura ko layi jiƙe yake, ko iska daga teku take busowa tana tura jirgin ko tana tare shi. In ya ja birki da yawa, jirgi ba zai iya haye tudu na gaba ba, sai ya tsaya a kwari da mutane a ciki. In ya sassauta da yawa, ya shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinta. Sabon ma'aikaci kan daɗe yana hawa tare da tsohon hannu kafin a bar masa sandar shi kaɗai, yana koyon inda ake ja da inda ake saki, har ya zamana da kunne yake gane gudun jirgin, daga ƙarar tayoyi a kan katako.